Mawaƙa da Ƙin Yaƙi: Abin da Tarihin Najeriya Ya Nuna

A ƙasashen da ake tilasta wa matasa shiga soja, akan sami masu ƙin ɗaukar makami saboda aƙida. Najeriya ba ta da irin wannan doka, shi ya sa ƙin yaƙi a nan ya fi bayyana ta baki da alƙalami.

Rubutacciyar waƙar Hausa ta daɗe tana jinjina wa mazaje, kamar "Maraba da Soja" ta Sa'adu Zungur, wadda ta tarbi dakarun da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuwa ya raba hanyar wasu mawaƙa biyu. Christopher Okigbo ya shiga rundunar Biyafara, aka kashe shi kusa da Nsukka a 1967. Wole Soyinka ya je Inugu neman a hana zubar da jini, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta tsare shi wata 22.

A yau, a garuruwa irin su Nasko, hedikwatar ƙaramar hukumar Magama a masarautar Kontagora, hare-haren 'yan bindiga sun farfaɗo da muhawarar: sulhu ko ƙarfin soja? Har yanzu mai kiran sulhu yakan sha zargin cin amana, kamar yadda Soyinka ya sha.