Kafin Ki Sa Hannu a Takardar Gwajin Magani

Yau za mu taɓo hakkin majinyaci idan ana gwajin sabon magani.

A 2004 kamfanin Amgen na Amurka ya dakatar da gwajin maganin GDNF ga masu cutar Parkinson, wato ciwon karkarwar jiki, yana cewa akwai haɗari. Wasu majinyatan suka ce su dai sun ga sauƙi, suka kai ƙara kotu a 2005, amma ba su yi nasara ba, don kotu ta ce kamfanin bai yi musu alkawarin ci gaba da ba su maganin ba.

Mu ma nan gida, ba mu manta gwajin Trovan na Pfizer a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau. Yara 200 aka sa, 11 suka rasu, sai 2009 aka sasanta.

Don haka 'yar'uwa, ko a Barau Dikko ne ko ina, kafin ki dangwala yatsa, ki tambaya: hukumar NAFDAC ta amince? Mene ne illarsa? In an tsayar, wa zai kula da majinyacin? A karanta miki da Hausa. Kina da ikon cewa a'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.