Fentin da ke Kare Jiragen Ruwa daga Dattin Teku

Yawancin kayan da ake shigowa da su Nijeriya ta teku suke zuwa, su sauka a tashoshi irin su Apapa da Onne. Saboda haka abin da ya ƙara wa jirgi tsadar tafiya, ya taɓa aljihun kowa.

In jirgi ya daɗe cikin ruwa, sai gansakuka da waɗansu ƙananan halittu masu ɓawo kamar katantanwa su manne a ƙarƙashinsa. Jikinsa ya yi kaushi, gudunsa ya ragu, ya riƙa shan mai fiye da kima.

Da can maganin abin dafi ne. An yi ta shafa fenti mai sinadarin kuza da ake kira TBT, wanda ke kashe duk abin da ya matso. Amma dafin bai tsaya a jikin jirgi ba. Ya lalata kawa a gaɓar tekun Faransa, har ƙasar ta hana shafa shi ga ƙananan jirage a 1982. Yarjejeniyar duniya ta 2001 ta haramta shi, ta kuwa fara aiki a 2008.

Daga nan masana suka ƙara himma kan wata dabara, watau sa jikin jirgi ya yi santsi maimakon dafi. A cikin fentin sukan zuba wani sinadari mai fulorin, dangin abin da ke hana abinci kama kasko. Kowane ƙwayarsa yana da kai biyu, kamar na sabulu: ɗaya na son ruwa, ɗaya na ƙin ruwa da maiƙo. Halittar da ta zo mannewa ba ta samun riƙo mai ƙarfi, jirgi na yin gudu sai ruwa ya wanke ta.

Sai dai fa akwai hattara. Waɗansu sinadaran fulorin ba sa ruɓewa, suna taruwa cikin kifi da jinin mutum. Shi ya sa Yarjejeniyar Istokholm ta taƙaita PFOS a 2009, ta hana PFOA a 2019. Ana ci gaba da binciken waɗanda ba su da wannan illa.

Ana jawo hankalin masu jirage da ma'aikatan gyara su duba abin da ke cikin fenti kafin su saya. Tsohon fentin da aka kankare kuma a tara shi wuri guda, kada a bar shi ya bi ruwa.