Taƙaitaccen Tarihin Ikilisiyar Katolika ta Shendam

Ikilisiyar Shendam, a ƙasar Goemai da Hausawa ke kira Ankwai, ita ce uwar majami'un Katolika na Jihar Filato. Tarihinta ya faro ne ranar 12 ga Fabrairu, 1907, lokacin da Fada uku na ƙungiyar mishan ta SMA suka iso garin, wato Oswald Waller da Ernest Belin da Joseph Mouren. Sarkin ƙasar, Long Goemai, shi ya ba su masauki.

Da farko aikin bai yi sauri ba. Sai da suka koyi harshen mutanen, suka kama noma a ƙauyen Demshin, kafin jama'a su saki jiki da su. Daga baya Fada Waller ya zama shugaban mishan na yankin, mazauninsa Shendam.

Da haƙar kuza da jirgin ƙasa suka bunƙasa Jos, sai shugabanci ya koma can a 1934, Shendam ta zauna ƙarƙashin 'yarta. Girmanta bai dawo ba sai a 2007, shekara 100 cif, da Paparoma Benedict na 16 ya ba ta dayosis nata, majami'ar Sacred Heart ta zama mazaunin bishop.