Injin Buga Jarida da Tashar Mota: Wanne Ya Fi Isar da Saƙon 'Yanci?

Daga Tawa zuwa Sakkwato tafiyar yini ce a mota, harshe ɗaya, addini ɗaya. Amma a shekarun 1950, da gwagwarmayar neman mulkin kai ta kankama, mutanen ɓangarorin biyu ba makami iri ɗaya suka riƙe ba. Na Arewacin Nijeriya sun sami injin buga takarda da ke magana da Hausa. Adarawa kuwa, mutanen yankin Tawa da ke hannun Faransa, abin da suka samu shi ne tashar mota da kasuwar mako.

A Zariya, Turawan Ingila ne da kansu suka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam na edita, Rupert East na bisa kansa. A 1945 aka kafa kamfanin Gaskiya a Tudun Wada, da injuna da ma'aikata. Ba don a kori Bature aka yi wannan ba. Gwamnati na son bakin da za ta yi wa talakawa magana, musamman da yaƙin Hitila ke ƙaratowa a lokacin da aka kafa jaridar. Sai dai wanda aka koya wa karanta sanarwar gwamna, shi ne gobe zai karanta takardar 'yan adawa. Da aka kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ta tarar da masu karatun boko a shirye, ta kuma sami fili a jaridar Comet ta rukunin Azikiwe, wadda ke fita a Kano.

Faransa ba ta yi haka a Nijar ba. Lakwal da Faransanci ake yin ta, 'yan ƙalilan ne suka shiga, kuma ba a kafa wata maɗaba'ar Hausa mai kama da ta Zariya ba.  Jibo Bakari, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Tawa, ya kuma koyar a Birnin Ƙwanni da Agadas, ya kafa jam'iyyar UDN a 1954, ita ce daga baya aka sani da Sawaba. Tana da jarida, Le Démocrate, amma da Faransanci. Manomin Tamaske ko na Keita me zai yi da ita?

Saboda haka saƙon ya hau mota. Ƙarfin Sawaba yana wurin direbobi, da yaran mota, da 'yan kamasho, da teloli, da ƙananan 'yan kasuwa. Adar kuwa ƙasar 'yan cirani ce: da an gama girbi, samari sun yi kudu, su dawo da 'yan kuɗi da labarin abin da suka gani a Kano ko Kumasi. Alamar raƙumi ta Sawaba da giwar abokiyar hamayyarta RDA ba su buƙatar a iya karatu.

Ta fuskar sauri da yaɗuwa, baki ya fi. Takarda sai mai karatu. Magana kuwa har tsohuwa mai sayar da fura ta ji. Injin yana da adireshi, ana iya rufe shi ko a ci tarar editansa, amma kumandan ba ya iya kama hirar da aka yi a bayan mota. Da wannan hanya Jibo ya zama magajin garin Yamai a 1956, ya kuma jagoranci gwamnatin farko ta 'yan ƙasa a 1957, matsayin da NEPU ba ta taɓa kaiwa ba duk da jaridunta.

Ta fuskar jure wa ranar wuya kuwa, takarda ta fi. A zaɓen raba gardama na 28 ga Satumban 1958, kan ko Nijar za ta ci gaba da zama tare da Faransa, Sawaba ta ce a jefa "a'a". Gwamna Colombani ya haɗa kai da sarakuna, aka takura wa 'yan jam'iyyar, "i" ta sami kusan kashi 78 cikin ɗari. A watan Oktoban 1959 aka haramta Sawaba. Tunda mutane ne jaridarta, da aka ɗaure wasu, wasu suka tsallaka iyaka, sai muryar ta yanke. NEPU ma ta sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai, amma abin da ta buga yana nan, jikoki na karantawa. Tarihin Sawaba kuwa sai da masani Klaas van Walraven ya bi tsofaffin 'yan jam'iyyar gari gari yana tambaya, ya haɗa da takardun gwamnatin da ta murƙushe su, kafin littafinsa ya fito a 2013.

A ganina, tasha ta fi tara jama'a, injin ya fi tsare hujja. Babban abin da Faransa ta hana Adarawa shi ne damar rubuta bayaninsu da harshensu, shi ya sa shekara da shekaru labarin Sawaba ya zauna yadda waɗanda suka kayar da ita suka faɗe shi. Mutanen da suka ga wancan zamani a Tawa, Buza da Keita sun kusa ƙarewa. Ɗaukar maganarsu a buga ta da Hausa aiki ne da ke jiran 'yan jarida da malaman jami'ar Tawa tun yanzu.