Abin da Jan Ruwan Yamai Ke Ɓoyewa

A watan Agusta, in mutum ya tsoma hannu a kogi ƙarƙashin gadar Kennedy, kafin ruwa ya kai masa gwiwar hannu yatsunsa sun ɓace masa. Laka ce da jar ƙasa da koramu ke kwasowa. Shi ya sa ba wanda ke zuwa Yamai yawon nutso, ba don babu abin kallo a ƙasan ba.

Wurin nutson da Bahaushe ya fi ratsawa shi ne Bahar Maliya, sai dai ta sama yake wuce shi, cikin jirgin alhazai. Babu kogi ko ɗaya mai gudu rani da damina da ke zuba cikin wannan teku, don haka ruwansa garau yake, hasken rana na sauka da nisa. Abin da murjani ke so ke nan. Murjani ba dutse ba ne kuma ba tsiro ba: ƙananan dabbobi ne masu gina wa kansu gida na farar ƙasa, a jikinsu kuma akwai wasu mitsi-mitsin tsirrai da ke haɗa musu abinci da hasken rana. Kaka ya mutu, jika ya yi gini a kansa, har a wayi gari da tudu a cikin ruwa. Da irin wannan dutse aka gina tsofaffin gidajen Jidda, da na Sawakin a Sudan, inda kakanninmu masu zuwa Makka a ƙasa ke jiran jirgin ruwa. Tuddan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kwata na jinsin halittun teku sun dogara da su. In ruwa ya yi zafi fiye da kima, murjani na korar tsirran nan, ya koma fari fat, in zafin ya daɗe yunwa ta kashe shi.

Kayan nutson zamani Faransawa biyu ne suka haɗa su a 1943, Jacques Cousteau da Émile Gagnan. A 1963 mutanen Cousteau sun yi wata guda cikin wani gida da suka kafa mita 10 ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, kusa da Port Sudan. Tulun da mai nutso ke goyawa iska ce irin wadda muke shaƙa, aka matse ta. Kowace mita 10 nauyin ruwa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a tudu, jini kuma ya riƙa shan sinadarin nitirojin. Wanda ya taso da gaggawa, sinadarin na yin kumfa a jininsa kamar an girgiza kwalbar lemo an buɗe, ya shanye masa jiki ko ya kashe shi. Saboda haka ɗan koyo ba ya wuce mita 18, ba a riƙe numfashi wajen tasowa, ba a kuma hawa jirgin sama a ranar da aka yi nutso.

Gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da manyan tuddan murjani, domin koguna irin namu na juye laka a teku, ga kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasa. Amma tsibiran Bijagos 88 na Gine-Bisau suna da abin da ɗan Yamai zai gane nan take: dorina mai shiga ruwan gishiri a tsibirin Orango, da kuma ayu.

To, su biyun duk muna da su. Dorina na nan daga Ayorou har zuwa Boubon, wani lokaci ma a cikin Yamai, tana ɓarnar shinkafa tana kifar da kwale-kwale, kuma a 2017 gwamnati ta keɓe mata wurin kariya a jihar Tillaberi. Sarkawa, waɗanda Zabarmawa ke kira Sorko, sun san ƙasan kogin nan da lalube, da numfashi guda, ba tulu ba tabarau. Wani mai shirya fim, Jean Rouch, ya ɗauki farautar dorinarsu a fim tun farkon shekarun 1950. Su za su gaya maka ramin giwan ruwa, da inda tsage mai haƙora ke farauta, da yadda minjirya ke fizgar hannun wanda ya taɓa ta. Akwai talibambam mai kumbura in ya ji tsoro, ɗan'uwan wanda masu kuɗi ke zuwa ɗauka hoto a tekun Masar. Akwai gaiwa, wadda in fadama ta ƙafe sai ta shige laka ta jira damina.

Matsalar ita ce, in murjani ya yi fari ana gani a ɗauki hoto, duniya ta yi caa. Namu kuwa a ɓoye yake ƙarewa. Dorina dai ana iya ƙirga ta tun da tana fito da kai. Ayu hanci kawai yake leƙowa da shi, kuma ana farautarsa don nama da kitse da haɗin magani duk da doka ta hana. Rairayi na cike gurabun da yake fakewa da rani. A Yunin 1985 kogin ya daina gudu a Yamai, aka riƙa tsallaka shi da ƙafa. Hedikwatar Hukumar Kogin Neja mai ƙasashe 9 a nan birnin take, amma labarin abin da ke ƙasan ruwa har yanzu a bakin masunta ya fi yawa, kuma kukansu ɗaya ne: kifi na ƙanƙancewa, raga na ƙara matsewa, har wasu sun koma tatar ƴaƴan kifi da gidan sauro.