Baƙo a Ƙofar Majami'a: Yadda Kiristoci Suka Tsara Karɓar Baƙi

Karɓar baƙo na daga cikin tsofaffin wajibai a addinin Kirista, kuma malaman addinin sukan kafa hujja da labarin Ibrahim da baƙinsa uku a littafin Farawa sura ta 18, da kuma Linjilar Matiyu sura ta 25, inda Yesu Almasihu ya ɗauki alherin da aka yi wa baƙo tamkar shi aka yi wa. Sai dai tun da wuri ikkilisiya, wato taron masu bi, ta gane cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta ciyar da matafiyi, shi ya sa ta mayar da al'amarin doka mai iyaka da masu kula da ita.

Wani ɗan littafin koyarwa mai suna Didake, wanda aka rubuta da harshen Girka wajen ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya umarci masu bi da su taimaki matafiyi gwargwadon ƙarfinsu, amma ya ƙayyade masa kwana biyu ko uku, idan kuwa yana son zama kuma yana da sana'a, to ya yi aiki ya ci guminsa. Al'adar ta yi ƙarfi har Sarkin Rum Juliyan, wanda ya juya wa Kiristanci baya, ya koka a wajen shekarar 362 cewa kyautata wa baƙi na cikin abubuwan da suke yaɗa addinin.

Tsarin da ya fi tasiri shi ne na Benedik ɗan garin Nursiya a Italiya, wanda ya kafa gidan zuhudu a Monte Kasino wajen shekarar 529, wato gidan da maza suke keɓe kansu domin addu'a da aiki. A dokarsa mai babi 73, babi na 53 ya tanadi cewa za a tarbi baƙo da addu'a kafin gaisuwar salama, shugaban gidan ya zuba masa ruwan wanke hannu, sannan shi da sauran 'yan'uwa su wanke masa ƙafafu, har ma an yarda shugaban ya karya azuminsa domin ya ci tare da baƙon, in ba ranar babban azumi ba ce. An fi jaddada kula da matalauta da masu ziyarar ibada, bisa dalilin da duk wanda ya san halin mutane zai amince da shi, cewa mai dukiya kwarjininsa ma ya isa ya jawo masa girmamawa.

Abin da ya fi nuna basirar Benedik shi ne yadda ya kare gidan daga nauyin alherinsa. Ya ware wa baƙi ɗakin girki dabam, domin masu isowa ba zato kada su dagula lokutan ibada, ya sa 'yan'uwa biyu su riƙe wannan aiki na shekara guda, ya kuma ajiye dattijo mai hankali a ɗaki kusa da ƙofa, don duk wanda ya ƙwanƙwasa ya samu mai amsa masa. Ɗan zuhudun da ya zo daga wani gida yana iya zama muddin ya gamsu da abin da ya tarar, kuma idan ya yi gyara cikin ladabi, wajibi ne shugaban ya saurare shi. Idan kuwa ya cika fitina, sai a sallame shi cikin mutunci. Wanda ya zo neman shiga zuhudun kansa kuma akan bar shi kwana huɗu ko biyar a bakin ƙofa domin a gwada haƙurinsa, abin da ke nuna cewa saukar matafiyi dabam, karɓar sabon ɗan gida dabam.

Al'adar karɓar baƙo ta iso har zamaninmu: a majami'u da yawa na arewacin Najeriya, akan nemi baƙi su miƙe tsaye lokacin sanarwa, su faɗi sunansu da inda suka fito, jama'a su yi musu maraba. Wannan shi ne ɓangare mai sauƙi, domin Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ana sa ran da hantsi ya tafi. Jarrabawar gaske ta zo a 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi, dubban mutane suka kwarara Yola ba tare da sanin ranar komawa ba. Bishop Stephen Dami Mamza na ɗarikar Katolika ya buɗe musu harabar majami'ar Saint Theresa, Kirista da Musulmi, kuma wasunsu sun yi shekara da shekaru a wurin. A 2021 aka mayar da waɗanda suka rage zuwa gidaje 86 da aka gina musu a Sangere-Marghi, cikin ƙaramar hukumar Girei, inda aka haɗa musu da makaranta da coci da masallaci.