Matashi Ko Gogagge: Wa Ya Kamata Ƙungiya Ta Saya?

A watan Agustan 1995, Manchester United ta ziyarci Aston Villa a wasan farko na kakar Firimiya, aka doke ta da ci 3 da 1. A wancan lokacin Alex Ferguson ya sayar da manya uku, Paul Ince da Mark Hughes da Andrei Kanchelskis, ya cike gurbinsu da yaran gida, su David Beckham da Paul Scholes da Nicky Butt da Gary da Phil Neville. A daren nan Alan Hansen ya fito a talabijin ɗin BBC ya yanke hukunci cewa ba a cin kofi da yara. Da kaka ta ƙare, United ce ta haɗa kofin Firimiya da na FA.

Har gobe, in musu ya kaure a gidan kallon ƙwallo, wannan labari masu goyon bayan matasa ke ɗaukowa. Sai dai rabinsa suke faɗa. Peter Schmeichel ne a raga, Steve Bruce da Gary Pallister ne a baya, dukkansu sun kai talatin ko sun haura. A watan Maris na 1996, da aka je gidan Newcastle wadda ke jan ragamar teburi, Schmeichel ne ya hana ƙwallo shiga, Eric Cantona ya ci ɗaya tilo. Shi ne kuma ya ci Liverpool a wasan ƙarshe na FA. Yaran sun yi gudu, amma a inuwar manya suka yi shi.

To me ya sa yau manyan ƙungiyoyi ke rububin 'yan shekara 19 da 20? Amsar tana ofishin akanta. Kuɗin da aka sayi ɗan wasa ba a rubuta shi lokaci guda a littafin lissafi, ana karkasa shi ne bisa shekarun kwantiragi. Wanda aka saya fam miliyan 80 aka ba shi shekara takwas, fam miliyan 10 kawai zai bayyana kowace shekara. Ɗan shekara talatin kuwa babu mai ba shi shekara takwas. Wannan hanya Chelsea ta bi bayan Todd Boehly da abokansa sun saye ta a 2022, ta riƙa ɗaure matasa irin su Enzo Fernandez da Mykhailo Mudryk da dogayen kwantiragi, har hukumar UEFA ta tashi a 2023 ta ƙayyade wannan lissafi kada ya wuce shekara biyar.

Ga kuma riba. Brighton ta ɗauko Moises Caicedo daga Ikwado a 2021 kan kuɗin da bai wuce fam miliyan 5 ba, ta sayar wa Chelsea shi a 2023 kan kusan fam miliyan 115. Matashi kamar maraƙi ne a turke, kullum farashinsa sama yake yi. Gogagge kuwa albashinsa mai tsoka ne, rauninsa na jinkirin warkewa, ranar da za a rabu da shi da wuya a mayar da ko uwar kuɗi.

Amma akwai abin da littafin akanta ba ya iya rubutawa, kuma a ganina nan ne ake yawan tafka asara. Ka lura da minti na 85, ƙungiya na gaba da ƙwallo ɗaya, 'yan kallo sun cika filin da ihu. Yaro zai karɓi ƙwallo ya buga ta gaba don ya rabu da ita. Tsohon hannu zai taka ta, ya ɗaga hannu ya ce a natsu, ya jawo a yi masa ƙeta, minti guda ya tafi. AC Milan ta ga Andrea Pirlo ya tsufa a 2011, ta bar shi ya tafi Juventus kyauta yana ɗan shekara 32, ya ci kofin lig na Italiya sau huɗu a jere. Thiago Silva ya zo Chelsea kyauta a 2020 yana dab da cika 36, kafin shekara ta zagayo sun ɗaga kofin Zakarun Turai. A kakar 2022 zuwa 2023 kuwa, da aka cika ɗakin sauya kaya da sababbin fuskoki masu tsada, ta 12 Chelsea ta ƙare. Sai a 2025 yaran suka nuna, suka ci kofin duniya na ƙungiyoyi. Koci nawa aka sallama kafin a kai nan?

Matashi ma caca ne. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya a 2015, Wolfsburg ta ɗauke shi, bai ci mata ko ɗaya ba a gasar Jamus. Sai da aka ba da shi aro ga Charleroi ta Beljiyam ya farfaɗo. Wadanda suka ci moriyarsa su ne Lille, sannan Napoli da ya kai ta ga kofi a 2023.

Mu ma nan gida mun ga fuskokin biyu a Kano Pillars. Ahmed Musa yana yaro ya ci mata ƙwallo 18 a kaka guda, ya wuce VVV-Venlo ta Holan a 2010, daga nan CSKA Moscow da Leicester. Rabi'u Ali kuwa, wanda magoya baya ke kira Pele, ya zauna, aka ci kofuna uku a jere da shi daga 2012 zuwa 2014, ya ci gaba da taka leda har ya haura arba'in. Abin da ke damuna game da cinikin matasa shi ne yadda ƙananan ƙungiyoyinmu ke rainon yaro ba tare da rajista mai kyau ba. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe don a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23, a duk lokacin da aka sake sayar da shi. Ƙungiyar unguwar da ba ta yi wa yaronta rajista ba, ko kwabo ba za ta gani ba a ciki.